Yadda Na Kai Yaya Tsafe da Ƙarya

Tun da na dawo daga Tsafe abokan aikina na ɗakin malamai suka hana ni sakat. Wanda ya je Makka ma akan ƙyale shi ya huta bayan sati biyu, ni kuwa wata na biyar ke nan ana tambayata, "Malam Ummaru, wai yaya aka ƙare?" Tafiyar da suke tambaya a kai, daga Bunguɗu zuwa Tsafe, ba ta kai a yi mata guzuri ba. Amma na je Ikko na dawo, na je Maiduguri na dawo, ban taɓa shigowa gida kaina a sunkuye irin na wannan karon ba. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina tsallake inda ya shafe ni, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Na sauya sunaye. Na kuma nemi izinin yayana, ya ce ya yarda, bisa sharaɗin in ambaci cewa rigar da ya sa ran nan shadda ce. To, shadda ce.

Yayana Alhaji Haliru ya girme ni da shekara tara. Malamin gona ne mai ritaya, yana zaune a Bunguɗu. Mutum ne mai kyauta in akwai masu kallo, mai fara'a in shi ke magana. A bakinsa, shi ya koya wa ƙasar Bunguɗu noman auduga, kuma jihar nan da aka ba mu shekara biyu da suka wuce, da ba don shawararsa ba da har yanzu muna jira. In ka ba shi labarin ciwon kanka, zai ba ka labarin ranar da nasa ya yi ciwo har likitoci suka taru. In ka yaba wa wani a gabansa, ka ɓata masa yini. Mu dai a gida mukan ce halinsa ne, mu wuce.

Ɗansa na fari, Lawali, shi ne bai iya wucewa ba. Yaya ya so ya zama babban ma'aikaci mai ofis da fanka, yaron ya bar karatu a tsakiya ya koyi aikin kafinta, ya buɗe shago a Tsafe. Ranar ɗaurin aurensa Yaya ya karɓi lasifika don ya yi godiya ga baƙi, ya shafe kusan awa yana ba da tarihin kansa, ya rufe da cewa Allah ya jarrabe shi da ɗa mai buga ƙusa. Mutane suka yi dariyar dole. Bayan sati guda takarda ta bi Lawali har Tsafe. Daga nan shekara uku uba da ɗa ba su gaisa ba.

Da damina ta ja baya sai Lawali ya aiko mini cewa matarsa Hadiza ta kusa sauka, kuma in ta haihu ni kaɗai zai gaya wa, ko goron suna ba zai aika Bunguɗu ba. Kun san abin da wannan ke nufi. Jikan fari, a raɗa masa suna kakansa na raye, tafiyar awa biyu, bai sani ba. In aka yi haka, an rufe ƙofa ke nan. A ƙarshen saƙon ya ce akwai wani tsohon likitan ƙwaƙwalwa da ya yi ritaya ya dawo gida Tsafe, wanda shi Lawali ya yi wa bencin zama, kuma wai ba allura yake yi ba, zance yake yi da mutane. "In Baba zai zauna da shi ko sau ɗaya, sai in san da gaske ake."

Na san in na ce wa Yaya mu je wajen likitan ƙwaƙwalwa, sai dai a ɗauko ni a asibiti. Don haka na yi abin da na fi iyawa. Na ce masa wani masani a Tsafe yana rubuta littafi a kan manyan mutanen Zamfara, kuma an ce masa littafin ba zai cika ba sai da babin Alhaji Haliru. Yaya ya gyara hula, ya ce, "Ya makara, amma ba komi."

Na kwana Bunguɗu, muka fito da hantsi. Ni da 'yar jakata, shi da akwatin ƙarfe cike da takardun shaida, hotuna, da kwafin jawabansa. Lokacin wahalar mai ne, motoci sun yi ƙaranci, muka sami wata Fijo da ta ga gwamnatoci da yawa. Yaya ya ce shi gaba zai zauna, kuma shi kaɗai. Direba ya ce, "Alhaji, gaba mutum biyu mukan sa." Yaya ya ce, "To yau ka ɗauko wanda ya kai biyu." Aka matsa mu huɗu a tsakiya, akwatin a kan cinyata.

A tashar Gusau muka sauya mota. Muka jira ta cika har rana ta take, na saya mana ƙosai da kunu, Yaya ya ci yana bayyana wa mai ƙosan inda take kuskure wajen niƙan wake. A motar Tsafe aka haɗa ni da wata tsohuwa Bafillatana mai ƙwaryar nono, wadda za ta sauka a mararrabar 'Yankuzo. Ta rungume ƙwaryarta a cinya.

Kuna tambayata ko mun ƙetare iyaka. Tsakanin Gusau da Tsafe babu iyakar ƙasa, amma akwai ganguna biyu da katako mai ƙusoshi, da soja a tsaye, wanda a wannan zamani ya fi iyaka ƙarfi. Sojan ya leƙo, ya ga akwatin ƙarfe, ya ce a buɗe. Da Yaya ya yi shiru da mun wuce cikin minti biyu. Sai ya sauke gilashi ya ce, "Yaro, ka san ko da wa kake magana?"

Sojan bai sani ba, kuma ya nuna yana son ya sani a tsanake. Aka sauke mu duka, aka sauke buhuna, aka jera mu a rana. Direba yana cewa, "Mi munka yi? Don Allah mi munka yi?" Ni kuwa na shiga aikina na kullum. Na ja sojan gefe, na yi masa Turanci mai laushi, na ce dattijon babban ma'aikaci ne da ya bauta wa ƙasa, gajiya ce da zafin rana. Na dawo wajen Yaya na ce masa sojan ya gane kurensa, kunya ce ta hana shi zuwa ba da haƙuri. Kowa ya samu abin da yake so, aka sake mu bayan awa guda.

Da muka koma mota tsohuwar ta leƙa ƙwaryarta, nonon ya sha rana. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ɗan'uwansa ne ko marokinsa?"

Na ce, "Ƙanensa ne, Inna."

Ta ce, "Awo. Na ga ka iya."

Na yi dariya, don a lokacin na ɗauka yabo ne.

Mun isa Tsafe bayan la'asar, likita kuwa da safe yake ganin mutane. Wani tsohon abokin karatuna ya ba mu ɗaki a gidan malamai, mai gado ɗaya da tabarma, ba sai na gaya muku wanda ya hau gadon ba. Kafin magariba aka shigo da tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji man shanu. Yaya ya cinye, ya suɗe hannu, ya ce rabonsa da miya irin wannan tun rasuwar Innarmu, kuma da ganin kwanon an san wanda aka dafa wa. Ban gaya masa daga gidan ɗansa aka aiko ba, kuma surukar da bai taɓa gaisawa da ita ba ce ta tuƙa, da tsohon cikinta.

Na ce zan je gaida abokai, na zarce shagon Lawali. Na same shi yana goge ƙafar kujera. Ya rusuna ya gaishe ni, ya share mini benci. Na fara yi masa irin jawabin da nakan yi wa ɗalibai, cewa uba uba ne, haƙuri ake yi. Ya bar ni na gama. Sannan ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗauko wata takarda a cikin leda, ta yi laushi saboda yawan buɗewa.

"Baffa, karanta mini layin ƙarshe."

Ban buƙaci karantawa ba. Rubutuna ne. Yaya bai taɓa rubuta wasiƙa da hannunsa ba tun da na gama makarantar horon malamai. Yakan kira ni ya faɗi abin da ke ransa, ni in sa masa riga. Ran nan abin da ya ce kawai shi ne, "Gaya wa yaron nan ya kunyata ni." Sauran shafi ɗaya da rabi nawa ne. Layin ƙarshe kuwa na tuna har inda nake zaune da ya zo mini: "Daga yau ka ɗauka guduma ce ta haife ka." Na tuna na karanta wa Yaya shi sau biyu, don daɗin da ya yi mini a kunne.

Lawali ya ce, "Baba yana da faɗa, amma bai iya magana haka ba. Na daɗe da sanin wannan taka ce. Shi na saba da nasa. Wannan ce ta hana ni barci."

Shekara ashirin ina koyar da yara yadda ake rubuta wasiƙa, da gaisuwa a sama da addu'a a ƙasa. Na nemi kalma ɗaya a wannan shago na rasa. Na ce masa tuwo ya yi daɗi. Abin da na iya ke nan.

Washegari Yaya ya sa shaddar, ya sha turare, na ɗauki akwati muka tafi. Gidan Likita Shehu yana bayan kasuwa, gidan ƙasa ne da aka yi wa siminti. In kuna son jin inda na ga baƙuwar ƙasa, to zauren nan ne. A wajenmu baƙo mai furfura akan ɗora shi a kan kujera, mai gida ya zauna ƙasa. Can kujeru biyu ne, tsawonsu ɗaya, suna kallon juna. A wajenmu gaisuwa takan kai a tambayi lafiyar awaki. Can ana gama "ina gajiya" sai shiru, kuma mai gidan ba ya tsoron shirun. Ba farin kaya, ba abin auna jini, ba warin asibiti. Agogon tebur ne kawai da buta.

Likitan tsoho ne siriri, yana da ɗan ɗingishi. Ya ce, "Alhaji, me ke tafe da kai?"

Yaya ya buɗe akwati. "Littafinka. Sai dai ina ganin babi ɗaya ba zai isa ba."

Likita ya dube ni. Ba harara ba ce. Irin kallon da nakan yi wa yaron da ya kwafi aikin gida ne, ban taɓa sanin haka yake da nauyi ba sai ran nan. Na yi masa alama da ido cewa ya bi ni a hankali, mu lallaɓa. Bai bi ni ba.

"Alhaji, ba na rubuta littafi. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne. Mutane kan zo mu tattauna abin da ya dame su, ko abin da ya dami mutanensu game da su. In an gaya maka wani abu daban, ba gaskiya aka gaya maka ba."

Yaya ya miƙe tsaye, hularsa ta kusa taɓa azara. "Ummaru! Mahaukaci ka maishe ni? Ni? Ni da nir riƙe ka tun kana fitsarin kwance?" Ya faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, wasunsu ma gaskiya ne. Likita ya bar shi har ya sauke numfashi, sannan ya ce, "An yaudare ka, kuma ka yi daidai da ka yi fushi. Ga ƙofa, ba mai riƙe ka. Amma ka ɗauko akwatin nan tun daga Bunguɗu, ni kuwa ina son ganin abin da ke ciki. Malam, kai jira mu a waje."

Yaya bai taɓa iya barin mai son ganin hotunansa ba. Ya zauna. Ni na fita na zauna a bencin da Lawali ya yi, ina kallon kaji, awa guda cur.

Da Yaya ya fito bai dube ni ba, ya wuce masallaci. Likita ya kira ni. Na tambaye shi abin da suka tattauna, ya ce wannan tsakaninsu ne. Ga wata al'adar kuma. A garinmu in mutum ya je asibiti da safe, kafin azahar unguwa ta san sunan ciwon da kuɗin maganin.

Na ce, "To ko ka gaya mini, abin nan yana da magani?"

Ya ce ba ya yanke wa mutum hukunci a zama ɗaya. Amma akwai wani hali da littattafansu suka sani, suka ba shi dogon suna. Mai shi ba ya iya ganin kowa sai kansa, yabo ne abincinsa, kuma ƙaramar suka takan yi masa zafi kamar an yanke shi. "Mutane na ganin girman kai ne tsagwaronsa. Sau da yawa in ka leƙa ciki, mutum ne da bai yarda zai iya zama ba kowa ba ya kuma rayu. Ba ƙwayar da zan ba shi. Zama ne, a yi ta zama, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Da yawa sukan gudu tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya tsaya, ba sabon mutum yake zama ba. Yakan dai koyi tsayawa ya ji cewa na gabansa ma yana jin ciwo. Kuma ba a kawo mutum da dabara. Yau ka kusa rufe ƙofar da kake son buɗewa."

Na ce na yi ne don gyara.

Ya ce, "Na yarda. Amma bari in tambaye ka. Jawaban da ke cikin akwatin nan, da wasiƙun da ya aika wa manya, duk hannu ɗaya ne ya rubuta su. Na tambaye shi, ya ce yana da sakatare. Kai ne?"

Na ce ni ne.

"To kai ma kana da aiki, kuma naka ya fi sauƙin faɗa. Mutumin da duk abin da ya faɗa sai an goge masa shi ya yi ƙyalli, duk wanda ya ɓata wa rai sai an bi an ba shi haƙuri a madadinsa, yaushe zai ji muryar kansa? Ajiye alƙalamin, Malam."

A nan na tuna tsohuwa mai nono. Ita ba ta yi karatun likita ba, kuma ba ta buƙaci awa guda ba.

A hanyar dawowa Yaya bai yi mini magana ba har muka wuce gangunan soja, inda, abin mamaki, ya yi shiru. Sai da muka hango Gusau ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Likitan nan bai san komi ba. Wai in nuna masa, cikin duk mutanen da ke hotunan nan, wa zai zo in na kwanta ciwo. Tambaya ce wannan?" Can ya ce, "Zan koma in ƙara masa haske."

Ya kuwa koma, shi kaɗai, don ya ce ba ya tafiya da maƙaryata. Duk sati biyu yakan hau mota. Sau ɗaya ya dawo yana rantsuwa ba zai sake taka Tsafe ba, wai likitan ya raina shi, ya yi wata guda bai je ba, sannan ya koma. Bai taɓa bi ta shagon Lawali ba. Kada ku ce na ce ya sauya. Har gobe shi ya kawo auduga.

Hadiza ta sauka ranar wata Talata, namiji. Lawali ya cika alkawarinsa, ni kaɗai ya aiko wa. Na kwana biyu ina juya abin, na shirya ƙarairayi uku masu kyau, sannan na je Bunguɗu na faɗa wa Yaya gaskiya yadda take: an haihu, kuma ba a aiko masa ba.

Na jira tsawa. Bai yi ba. Ya kalli tabarma, sannan ya ce, "Ɗauko takarda."

Na ɗauko takarda da biro na ajiye a gabansa.

"Mi ke nan? Rubuta mana."

"Yaya, ba zan rubuta ba."

"Kai ka fi ni iya tsara magana."

"Na sani. Ita ta kawo mu nan."

Ya zage ni, ya zagi makarantar da ta koyar da ni, ya ce in fita. Na zauna a zaure daga azahar har la'asar. Da ya kira ni, ƙasan ɗakin duk takardu ne da aka dunƙule. Ya miƙo mini guda ɗaya a buɗe, ya ce, "Duba ka gyara."

Layi goma sha ɗaya ne. Ya fara da "Zuwa ga ɗana," don ko a takarda kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya ambaci suna. Layi tara a kan kansa ne: wahalar da ya sha wajen tarbiyya, darajarsa a gari, yadda mutane za su ji in ba a gan shi a wajen suna ba. Babu kalmar haƙuri ko ɗaya. Amma layi biyu na ƙarshe sun ce: "Yaya jikin mai jego? An gaya mini ita ta yi tuwon ran nan, ban yi godiya ba."

Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na ga inda zan yanke, na ga inda zan sa jimla ɗaya da za ta sa dutse hawaye. Na ninke takardar yadda take na sa a aljihu.

Washegari na sake bin hanyar Tsafe, na sami Lawali a shago yana haɗa bencinan suna. Kafin in ba shi takardar na ce masa abin da ya kamata in faɗa tun zuwan farko, cewa layin nan nawa ne, ba a sa ni ba, kuma ina neman gafararsa. Ban tsara ba, ya fito a karkace. Ya ce, "Ya wuce, Baffa," yana kallon ƙasa. Ban sani ba ko ya wuce ɗin.

Ya karanta wasiƙar a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Na ce, "Ka yi haƙuri da ita, yawancinta labarin kansa ne."

Ya bi layukan da yatsa yana ƙirgawa. "Tara nasa, biyu namu." Ya ninke ta a hankali. "Baffa, shekarata ashirin da takwas, ban taɓa samun ko ɗaya ba."

Ya shiga cikin gida, ya fito da ƙullin goro a ganye, ya sa mini a hannu.

"Ka kai Bunguɗu. Ka ce masa sunan ranar Talata ne, da hantsi. Ka kuma ce masa ba mu ɗauko lasifika ba."

Na kai, kuma na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban goge ba.